Ba'adare na neman gida a Madawa

Taubashi, ɗan Gwaggo, bawana da ba ya gudu ba ya kuma aiki, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga baransa, wato a taƙaice.

Labari ya iso Madawa. Ba daga bakinka muka ji ba, don kai ba ka kirana sai in lambar wani kake nema. Gwaggo ce ta faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ita a motar Buza, su kuma suka sauke labarin a tasha tare da kayansu. Wai bana ɗanta na Abijan zai sayi gida. Ba a ƙauyenku ba, inda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta aza ƙafa. A nan Madawa, bakin kwalta, kuma wai mai hawa biyu. Na ce madalla, Ba'adare ya gaji da tuntuɓe, zai sauko cikin Gobirawa ya koyi tafiya ba da kallon ƙasa ba. Muna maraba. Dutsen da za ka riƙa zama a kai in kewar gida ta taso, ka taho da abinka.

Dariya kam na yi, amma ban raina niyyar ba. Da wuya ka sami zuri'a a Adar da ba ta da wanda aka taɓa korowa daga wata ƙasa da tabarma a hammata. Kakanni sun sha ta Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Iyaye sun sha ta Najeriya a 1983. Ku kun ga rikicin Kodebuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011, 'yan'uwanku na Libiya sun dawo a 2011 a saman manyan motoci, na Aljeriya kuma ana ta zubo su a Asamaka. A 2024 da idonka ka ga katafila ta bi ta kan unguwannin Gesko da Boribana a Abijan, mutane na tsince kwanon rufi daga cikin ƙasa. Wanda ya ga wannan bai nemi inda zai ce nan nawa ne ba, a kai shi wurin malam. Don haka zan ba ka shawara kyauta, tun da na san ko na sa mata kuɗi ba biya za ka yi ba.

Wata shawarar ma ta riga ta wuce ka: da ba ka faɗa wa Gwaggo ba. Fili a garin nan farashi biyu gare shi, na ɗan gari da na ɗan Abijan, kuma yanzu duk dillalan tasha sun san wanda za su faɗa maka.

Mu zo ga kuɗin. Kai ba samu ka rasa ba. Albasar da muke shan rana a kanta a fadamar Tarka, daga Tunfafi har Sabon Gida, ita kake jerawa a kasuwar Ajame ta Abijan kana cin ribar guminmu, kuma kana samu, na sani. Shigar gari ce ke cin ka. Kowace shekara gab da shuka sai ka sauka da shadda mai amo, da waya biyu, ɗaya ta kira ɗaya ta nunawa, da sabon babur ko ledarsa ba a ɓare ba. Maroƙa su tare ka tun daga tasha. Mahaucin garinku ya yi yanka don kai. Butar shayi ba ta sauka daga wuta a ƙofar gidanku, samarin da ba su san sunan yankanka ba duk sun zama abokan haihuwarka. Kafin a gama noman farko aljihu ya yi sauƙi. A maimai babur ya koma hannun dillali da faɗuwa. Da kaka wayar nunawa ce kuɗin motar komawa. Shekara nawa ana haka, Gwaggo ta fi ni lissafi.

Kuɗi a hannunka ruwan sama ne a kan dabagin Adar: ya sauko da ƙarfi, ya yi ƙara, ya gangara kwari a guje, washegari ka tona ƙasa ka tarar da ita a bushe. Abin haushin, maganin wannan a ƙasarku aka nuna wa duniya shi. A 1984, shekarar fari, aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na jagora, hukumar PAM na biyan ma'aikata da abinci. Ba wanda ya ƙara wa Adar ko ɗigon ruwa. Duwatsu aka jera a kan gangare, aka haƙa ramuka, aka datse ƙoramu, don wanda ya sauka ya tsaya ya shiga ƙasa, aka dasa miliyoyin itatuwa. Su wa suka ɗauki duwatsun a ka? Mata ne galibi, don ku mazan kuna kurmi kuna ɗaukar hoto. To kuɗinka ma datsiya yake so, tun daga sama.

Daga sama kuwa shi ne ranar ciniki. Jaka ɗaya ta sefa kowace rana, abin da kake kashewa a shayi da katin waya da tsiren maraice, jaka 365 ce a shekara. Shekara uku ta haura miliyan. Jaka biyu a rana, yi lissafin da kanka, ai ku Adarawa lissafi ba ya ba ku wuya in kuɗin wani ne. A cire tun kafin a ci. Kada ka ce sai abin da ya rage, don tun da nake ban taɓa jin wani abu ya rage a hannunka ba.

Sai wurin ajiya. Na san al'adar zango: a kai wa wani dattijo mai shago, ya rubuta a littafi. Da yawansu mutanen kirki ne, amma kuɗin a cikin jarinsa suke kwana, ranar da gobara ta ci kasuwa ko ajali ya riske shi, magada ba su san da littafin nan ba. Aika wa ƙane ya ajiye kuwa sadaka ce da ba a yi niyya ba, ba lada ba kuɗi. Ba don ƙanenka ɓarawo ne ba. Yana zaune ne inda ake haihuwa, ake ciwo, ake rasuwa, kowa kuma ya san kuɗin yaya na ƙarƙashin katifa. Wa zai ga ɗansa kwance da zazzaɓi ya ce wannan na siminti ne?

Kada kuma ka sake dabarar nan taka ta mayar da ajiya naira don damin ya yi kauri. Ka ga abin da ya biyo baya. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, mutanen bakin iyaka daga Bangi har Ƙonni suka yi ta rawar ƙafa da tsofaffin kuɗi. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, kafin shekara ta zagayo jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Sefa ma ba waliyyiya ba ce, iyayenmu ba su manta Janairun 1994 ba, da aka kwana aka tashi an raba darajarta biyu. Amma siminti da ƙarfe da kwanon da za ka saya a nan da sefa ake sayar da su, kuma sefar Abijan ita ce ta Madawa, ba canji ba ragi. Ka tara da kuɗin da za ka kashe.

Buɗe asusu da sunanka a banki ko akwatin ajiya mai rajista, irin wanda ba a haɗa da wayarka ba, wanda sai ka sa takalmi ka bi layi kafin ka taɓa. Wahalar cirewar ita muke nema maka. In kuɗin ruwa ke damun ka, ka ce marar ruwa kake so, akwai kuma bankin Musulunci. Bashin gini dai kada ka sa masa rai. An buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018, amma banki kowane iri ne takardar albashi yake tambaya ko jingina mai takarda, kai kuwa albashinka a cikin buhun albasa yake. Ka kuma sa zakka a lissafi tun yanzu: kuɗin da ya kai nisabi ya shekara, ɗaya cikin arba'in ba naka ba ne, ko da sunan gida ka tara shi. Kada ka zo kana yi wa malamai tambayar da ka san amsarta.

In kana son ganin gwanayen ajiya, leƙa bayan gidanku ranar taron mata. Tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Mata ashirin da wani abu, zubi kowane mako ko na dala ashirin ne, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin a ɗakin wata ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ba su jingina abin ga amanar mutum ɗaya ba, ko da tasu ce. Matarka da ke zuba dala arba'in a mako tana da tumaki a turke. Kai mai miliyoyi a baki kana da hotuna. Adashen da kuke yi a zango shi ma yana da amfani, muddin ka zaɓi kwasar da za ta faɗo daidai lokacin biyan fili. Wadda ta faɗo gab da Sallah, mun san inda za ta.

Akwai wata ɓaraka da ba ka lissafawa. Kowace shekara sai rumbu ya ƙare, Yuli ko Agusta, tiyar hatsi ta yi tsada, sannan a kira ka, ka ruga Nita ko Amana ka aiko. Hatsin nan da kaka za ka saye shi, Oktoba ko Nuwamba, lokacin da yake zube a kasuwa, a juye a rumbun Gwaggo. Na cefane da na magani ka ware, ka faɗa wa gida adadinsa. Wanda bai ware na gida ba na gininsa za a ci, kuma da gaskiyar masu ci. Na ji kuma wani ya ba ka shawarar zuba kuɗin duka a albasa, a cika rudu, rumbun albasa, da rani a jira tsadar damina. Ana samu, ba ƙarya. Ana kuma buɗe rudu a tarar ruɓa ta riga mai shi, ko a rufe iyaka, yadda aka yi a 2019 da 2023, kaya su tsaya a mota. Da ribar kasuwa ake wannan kasada, ba da kuɗin rufin ɗaki ba.

Yanzu gidan kansa. An ce har an turo maka hotuna ta WhatsApp, dillali na zagayawa da waya yana cewa, "Alhaji, wanga hili ba ya kwana, mutum ukku na biɗatai." Tun yaushe ka zama Alhaji? Duk wanda ya kira ka Alhaji ba ka je Makka ba, hannunsa na kan hanyar aljihunka. Cinikin biri a sama ke nan, kuma filin da mutum uku ke nema tun bara, bana ma zai jira ka.

Hoton rani ba ya nuna ruwa. A watan Maris duk filin da ke Madawa da Buza da Keita tudu ne. Ka zo a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka taka da ƙafarka. Ƙasar nan tamu ruwanta daga duwatsunku yake gangarowa, ya bi Majiya da Tarka, kowace damina gebe na ƙara cin bakinsa. Filin da ke da araha a bakin gebe, gebe ne mai shi, aro ya ba mai sayarwa. Dubi gindin katangar maƙwabta, ruwa yana barin sa hannunsa a nan. Dubi inda rairayi ya taru a lungu. Tambayi tsofaffin matan unguwa da yara ina ruwan layin nan ke bi, su ba su da la'ada a cinikin. Daminar 2024 ta kashe mutum sama da 300 a ƙasar nan, ta taɓa sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara ɗari a tsaye ta kayar. Wanda ya sayi fili bayan wannan bai tambayi hanyar ruwa ba, shi ya so.

Bakin kwaltan da kake mafarki kuma, ban ga abin so ba. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ce, dare da rana manyan motoci, ga 'ya'yanka da ba su saba da abin da ya fi jaki gudu ba. Titi ya fi gidajen gefensa tudu, ruwansa a ƙofarka zai sauka. Layi biyu ko uku a baya ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da za ka auna shi ne nisan famfo da turakun lantarki, don jawo su aljihunka zai ji. Zaɓen gari maimakon ƙauye kuwa, a nan na yarda da kai, ko da yake ba na son yarda da kai. Zagaya Tamaske ko garuruwan Buza ka ga gidajen siminti na 'yan kurmi a kulle, ƙadangaru ne 'yan haya. Mutumin da wata uku kawai yake yi a gida, gara ya gina inda malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti zai kama sashe ɗaya, mai ƙofarsa daban, hayar ta riƙa biyan gyara.

To ga inda nake so ka ajiye wayar nunawa ka saurara. Mai sayarwa zai ce maka gidan ubansa ne. Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne ciwon yake. Uban nan 'ya'ya nawa ya bari? A Adar da Gobir Tudu gidan da aka bar wa mutum tara, uku suna Abijan, ɗaya Libiya, ɗaya Legas, mata biyu na gidan aure ba wanda ya tambaye su, ɗaya yaro ne bai balaga ba, na taran shi ne a gabanka yana rantsuwa. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure ya ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a: in ɗaya ya sayar da rabonsa na gidan da ba a raba ba, sauran na da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. Wanda ke gari ya yi shiru har shekara, nasa ya faɗi. Wanda ke tafiya kuwa haƙƙinsa na nan sai ya dawo, komai daɗewa. Auna wannan a ƙasar da rabin magada ke tafiya. Wannan ma in rabonsa kaɗai ya sayar ke nan. In ya haɗa da na 'yan'uwa ba da izininsu ba, ciniki bai zauna a kan nasu ba sai sun yarda. Sai ka gama shafe da fenti, wani ya sauka daga motar Agadas da jaka a kafaɗa, ya yi sallama ya ce ina ɗakin tsohonsa. Kada ka ce kotu za ta kore shi, don a shari'ar gado kotunan ƙasar nan al'adar masu shari'ar suke bi, da masanan al'ada zaune gefen alƙali.

Maganin ba wuya, jinkiri ne kawai, kai kuma jinkiri ne ba ka so in abin nunawa ne. A kawo takardar taron dangi da kotu ta tabbatar, mai sunan kowane magaji da wanda suka wakilta ya sayar. Na nesa ya aiko da wakilci a rubuce. Mata a tambaye su baki da baki, ba ta bakin yayansu ba. In mai sayarwa ya fara cewa ai mu duka ɗaya ne, takarda ta mece ce, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

In kuma gonar bakin gari ce ake yankawa ana sayarwa, hanyarta daban. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ce tushen hukumomin filaye da muke kira Kofo: ta ƙauye a hannun hakimi, ta gunduma a meri, wato ofishin magajin gari, ta jiha ƙarama a wurin prefe. Nan ake yin takardar saye, a kira maƙwabtan gona na kowace kusurwa su shaida iyaka. Nan ne za ka ji ko gonar jingina ce ko aro a hannun mai sayarwa, ko kuma burtali ne aka nome. Burtali da makiyaya ba na sayarwa ba ne, dokar makiyaya ta 2010 ta hana kowa mallake su, ranar da Fulani da Buzaye suka gangaro da dabbobi za ka gane a kan hanyar wa ka gina falo. Kuma takardar gona ba takardar fulotin gari ba ce. Ranar da aka zo yanka unguwa, titi na iya bi ta tsakiyar gadonka.

A cikin gari takardar meri ce magana, wadda ake kira akti, mai lambar ilo da lambar fili. Kada ka tsaya ga wadda aka nuna maka. Fili ɗaya da takarda biyu ba tatsuniya ba ce a biranen ƙasar nan. Ka je meri da ƙafarka, ofishin filaye, a buɗe babban littafi a gabanka, ka ga lambar ta yi daidai, sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa. Tun 2024 kantomomi ke riƙe da meri, amma littafin bai canza ɗaki ba. Ɗauki mai awo ya tono maka borni huɗu, alamun iyakar filin, don dillali da hannu yake nuna iyaka, hannu kuma yana miƙewa. La'ada a yanke ta tun farko. Kuɗi kashi biyu, a gaban shaidu, da rasit: wani ranar sa hannu, cikon ranar da aka juya suna zuwa naka. Daga baya, in ka huta, ka nemi takardar mallaka ta titir fonsiye, wadda ita ce banki ke girmamawa. Tun 2006 aka sauƙaƙa hanyar samunta. Duk wannan zai ci 'yan jakunkuna, bai kai kuɗin shaddar da ka ba maroƙi bara ba.

In ginanne za ka saya, sabon fenti abin tuhuma ne. Ƙwanƙwasa azara ka ji ko gara ta riga ka shiga, ka duba tsagar bango, ka tambayi bashin ruwa da na wuta, ka kuma san ko akwai ɗan haya a ciki da ranar fitarsa.

Hawa biyu kuma, taubashi, wa za ka hango daga sama? Garin nan cike yake da ƙarafa tsaye suna tsatsa a kan ginin da ya tsaya a taga, masu su na kurmi suna neman ciko. Katanga, masai, ciki da falo, rufi, ƙofa mai makulli: wannan gida ne, ana shiga a kwana. Sauran ya biyo shekara-shekara. Siminti ga Malbaza nan kusa a hanyar Ƙonni, kuma a Oktoban 2024, bayan ambaliyar, gwamnati ta karya farashinsa da kashi 35 cikin ɗari. Amma siminti ba abin ajiya ba ne, danshi yake sha ya daskare cikin 'yan watanni. Sai magini ya shirya ake sayensa. In kuɗi ya riga magini zuwa, a mayar da shi bulo da ƙarfe da kwano, abin da ba a iya kai wa mai shayi. A tsayar da adadin bulo a kowane buhu kafin a fara bugawa, a shayar da su ruwa har su ƙoshi. Harsashi kuwa da dutse, a ɗaga shi sama da ƙasa sosai. Ga abu ɗaya da ƙasarku ta fi tamu, yau ya yi rana.

Kada kuma ka raina laka don an ce ɗan Abijan. Masallacin Yama, nan cikin jihar Tawa, da laka Alhaji Falke Barmu ya fara gina shi a 1962, a 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, manyan masu zanen gini na duniya suna zuwa kallo. Laka mai harsashin dutse da indararo mai kyau da yaɓe kafin kowace damina tana daɗewa, a watan Afrilu kuma mai ita na barcin rana, kai kana soyuwa ƙarƙashin kwano.

Magini a biya shi mataki-mataki: ya kai taga a biya, ya kai rufi a biya. Makullin kayan aiki da littafin lissafi a hannun matarka, Gwaggo na duba ta. Matan da suka ɗauki duwatsun Keita ba za su kasa ƙirga buhun siminti ba. Ni kuwa kada ka kuskura ka aiko mini da ko dala, ina da iyali, ina da buƙatu, kuma dukiyar bawa ka san ta wa ce. Shaida dai zan tsaya maka, in kuma raka ka meri don kada ka gaishe da mai gadi a matsayin kantoma. Kuɗin sharanka na watan cika-ciki ma na riƙe, shi ne zubin farko a asusun ginin, za ka gan shi ranar da na ga rufi.

Saura suna. Takarda da sunanka za a yi ta, ba na ƙane ba, ba na aboki ba, komai nisan da kake. Sai dai kai sunanka uku ne: na katin ɗan ƙasa, na katin ofishin jakadanci da aka rubuta maka a Abijan da wani harafi daban, da wanda 'yan Ajame ke kiran ka da shi, wanda ba zan rubuta a jarida ba saboda Gwaggo. Shekarar haihuwarka ma kowace takarda da tata. Wanda ke kan katin ɗan ƙasa shi za a bi, harafi da harafi, in ba haka ba 'ya'yanka ne za su sha zirga-zirgar kotu suna rantsuwa cewa kai ne kai. Ka turo mini hoton katin, gaba da baya, in kai wa mai rubutu ya duba. Katin na ce. Wancan da ka ɗauka ka jingina da motar mutane, muna da shi, Gwaggo ta nuna wa kowa.